Mangostin a fadamar Kebbi: yadda ake gwada shi ba tare da jari ya karye ba

Mangostin ɗan itace ne da bai kai lemon zaƙi girma ba. Ɓawonsa na da kauri, launinsa ja mai duhu da ya kusa zama baƙi. In ka matsa shi tsakanin tafukan hannu ya tsage, za ka tarar da ɓargo fari fat a ciki, sala-sala kamar tafarnuwa, daga huɗu zuwa takwas, mai zaƙi da ɗan tsami kaɗan, yana narkewa a baki. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne, wajajen Malesiya da Indonesiya. A yau Tailan ce kan gaba wajen fitar da shi, kuma ƙasar Sin ce babbar mai saye. Ba shi da wata dangantaka da mangwaro. Ɗan'uwansa na jini da muka sani a kasuwanninmu shi ne namijin goro.

Tsadarsa ce take jan hankalin mutane. Duk wanda ya ga yadda ake jera shi ƴan ƙwayoyi a cikin roba a manyan kantuna, ya kuma tuna yana da fadama da injin ban ruwa a gida, dole zuciyarsa ta ɗarsa. Ni kuma abin da zan gaya maka tun daga farko, ɗan'uwa, shi ne wannan: a jihar Kebbi mangostin abin gwaji ne, bai kai matsayin noman kasuwa ba tukuna. Wanda ya ce maka ka share kadada biyar ka cika da shi bai so ka da alheri ba. Amma gwajin kansa yana da tsari, kuma wanda ya bi tsarin ba zai yi asara ba ko da bishiyoyin sun ƙi.

Abin da bishiyar take so, da abin da muke da shi

Mangostin bishiyar kurmi ce. Tana son ruwan sama da bai gaza milimita 1,270 a shekara ba, kuma ya zama a rarrabe cikin watanni, ba tare da dogon fari ba. Tana son iska mai laima dare da rana. Zafin da take jin daɗinsa yana tsakanin digiri 25 da 35. In ya haura 38 ganyenta na fara ƙonewa, in ya sauka ƙasa da 20 girmanta na ja baya, in kuma ya kai wajen 5 sai mutuwa.

To dubi namu. A arewacin jiha, wajajen Argungu da Kangiwa da Birnin Kebbi, ruwan shekara yana wasa ne a kusa da milimita 800, wani lokacin ma ƙasa da haka. A kudu, Yawuri da Ngaski da Zuru, yakan kai 1,000 ko ya ɗan haura. Duk wannan ruwan cikin wata huɗu zuwa biyar yake zuba, sannan sama ta ɗauke har wata bakwai. Sanyin hunturunmu ba ya kai ga kashe ta, amma bushewar iskarsa mugun abu ce ga ganye mai laushi. Daga nan sai bazara, Maris da Afrilu, lokacin da digiri 40 ba labari ba ne. Wato abu biyu da bishiyar ta fi tsana, busasshiyar iska da zafi mai tsanani, suna zuwa mata a jere kowace shekara.

Ko a Afirka mai kurmi, an daɗe da dasa ta jefi-jefi a Gana da Laberiya da Gabon da Zanzibar, ba ta zama wani babban noma ba. A Najeriya, wuraren da yanayinsu ya yi kama da gidanta su ne irin su Kuros Riba da Akwa Ibom da sassan Edo da Ondo. Mai dasa ta a Kebbi aikinsa shi ne ya ƙera mata ɗan ƙaramin kurmi da hannunsa. Duk matakan da ke tafe a kan haka suke.

Mataki na farko: fili

Kafin maganar ƙasa, maganar mallaka. Bishiyar da aka shuka daga ƙwallo tana ɗaukar shekara 8 zuwa 10 kafin ta fara haihuwa a wurin da take jin daɗi, a wurin da take shan wuya kuma har 15. Don haka kada ka dasa ta a gonar aro, ko ta haya, ko ta jingina, ko gonar gado da ba a raba ba. Ka tabbata filin naka ne, da shaidu da takarda, maigari ya sani, hakimi ya sani. Ka kuma auna maganar tsaro da idon basira. Bishiya ce da ba ta jure a yi mako biyu ba a leƙa ta ba da rani. In wuri ne da wata rana za a ce ba a shiga daji, kamar yadda ya sha faruwa a wasu sassan masarautar Zuru, to ka kawo gwajin kusa da gari, ko ma cikin gida bayan ɗaki.

Tudu da jigawa ka cire su daga lissafi. Abin da kake nema shi ne gefen fadama, inda ƙasa take da zurfi, baƙa, mai riƙe laima, amma ruwa ba ya kwanciya. Tsakiyar fadama, inda shinkafa ke jin daɗi, ba wurinta ba ne. Wanda ya ga ambaliyar 2020, yadda ruwa ya shafe gonakin shinkafa a kwarin Rima da bakin Neja, ya san abin da nake nufi. Babbar bishiyar mangostin tana iya jure ƴan kwanaki da ruwa a gindinta, ƙarama kuwa in ruwa ya rufe ta an gama. Tambayi dattawan wurin inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi kowace cika, ka hau sama da nan.

Sai ka yi gwaji ɗaya mai sauƙi wanda ya fi kowane bayani. A watan Afrilu, tsakiyar bazara, ka haƙa rami a wurin, ka ga a ina za ka tarar da laima. In ka same ta a zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ƙasar kuma tana dunƙuluwa a hannu ba tare da ta zama taɓo mai danƙo ba, wurin ya yi. In ka ci karo da marmara ko dutse tun kafin mita ɗaya, bar shi, don uwar saiwarta miƙewa take yi ƙasa.

Tana son ƙasa mai ɗan tsami, ma'aunin da malaman gona ke kira pH tsakanin 5.5 da 6.8. Ƙasa mai kanwa ko gishiri ba ta yi mata ko kaɗan. In ka ga farin gari-gari yana fitowa a saman ƙasa bayan ruwa ya bushe, alamar ke nan. Ɗebi ƙasar ka kai a auna, ko ta hannun malaman gona na KARDA, wato hukumar raya noma da karkara ta jihar Kebbi, ko sashen kimiyyar ƙasa na jami'ar Aliero ko Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru. A ganina, in akwai inda gwajin nan zai yi tasiri a jihar, to bakin tafkin Kainji ne ta wajen Yawuri da Ngaski, inda ruwa yake kusa, iskar kuma ta fi laima.

Mataki na biyu: ruwa

Nan ne gwajin yake tsayawa ko ya faɗi. Daga Oktoba zuwa Mayu kai ne damina. Ba ban ruwan albasa ba ne da za ka yi na ƴan watanni ka cire amfani ka huta. Wannan kowane rani ne, har iyakar ran bishiyar, kuma tana iya wuce shekara 100.

Dalilin da ya sa ba ta jure ƙishi yana cikin saiwarta. Saiwoyinta kaɗan ne, ba su da yawan ƙananan gashin nan da sauran itatuwa ke tsotsar ruwa da su, kuma a hankali suke yaɗuwa. Ruwan da ke taku biyu daga gindinta kamar babu shi ne a wurinta. Shi ya sa ake son ƙasar gindin ta zauna da laima kullum, ba jagab ba, ba kuma ƙamas ba.

Ka tanadi hanyar ruwa biyu, ba ɗaya ba. Rijiyar fadama da injin fetur, sannan famfo mai sola da tanki a sama, ko wani abu makamancin haka. Ranar da inji ya lalace a Afrilu, ko fetur ya yi wuya, ba ka da kwana goma na jiran bakanike. Tanki yana da wani amfanin: ruwa yana sauka da kansa ta siraran tiyo yana ɗiga a gindin kowace bishiya, ba sai an yi ta malale fili ba. In da hali, ka ƙara ƴan ƙananan kawunan feshi a ƙarƙashin rumfa, a riƙa buɗe su da tsakar rana a hunturu da bazara. Amfaninsu su jiƙa iskar da ke kewaye da ganye, wadda ita ce bishiyar ta fi rasawa a ƙasarmu.

Ruwan ma a ɗanɗana shi. Wasu rijiyoyin burtsatse ruwansu na da zartsi. Mutum zai iya sha, gero zai iya jurewa, amma mangostin zai nuna maka a bakin ganye cikin ƴan watanni. In ruwan na barin farin tabo a jikin bokiti, a auna shi kafin ka kashe ko sisi a kan iri.

Mataki na uku: inuwa da kariya, shekara guda kafin iri ya iso

Mutane da yawa za su so su fara da sayen iri. A'a, da ayaba ake farawa. Ka dasa ayaba a filin tun daminar da ta gabaci dashe, layi-layi, ta yadda kowane ramin mangostin zai kasance da ayaba ta gabas da ta yamma, kamar mita biyu tsakani. Ayaba na ba da inuwa, faffaɗan ganyenta na fitar da laima, busasshen ganyenta abin rufe gindi ne, kuma cikin shekara guda za ka fara sayar da nonon ayaba. Gwanda ma tana shiga tsakani. Akwai wata hikima a nan: filin da ayaba ta kasa yin kyau a cikinsa da rani, mangostin ba zai rayu ba. Ayabar ta zama ma'auninka mai araha.

Ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, kana buƙatar katanga ta itatuwa. Darbejiya na saurin tashi, amma saiwarta na da haɗama, don haka a nesanta ta, kamar mita goma ko fiye daga layin farko. Mangwaro ko kashu sun fi, don su ma kuɗi ne. Kafin su tashi, zana ta wadatar. Sannan shinge mai ƙarfi, waya ko ƙaya. Akuya ɗaya za ta iya cinye girman shekara biyu kafin ka idar da sallar La'asar.

Mataki na huɗu: iri

A nan ake cutar mutane, don haka zan ɗan daɗe.

Ƙwallon mangostin ba ya ajiyuwa. Da zarar an cire shi daga cikin ɗan itacen ya sha iska, cikin ƴan kwanaki ya mutu. In an bar shi cikin ɗan, ko an nannaɗe shi da abu mai laima, yakan kai ƴan makonni. Saboda haka duk busasshen iri da aka ƙulla a leda ana tallarsa a intanet, an ɗauko shi daga wata ƙasa ya yi wata guda a hanya, matacce ne. Ko na gaske ne ba zai tsiro ba, sau da yawa ma ba na gasken ba ne.

Abu na biyu da ya kamata ka sani: bishiyar mangostin ba ta da namiji. Dukkansu mata ne, kuma ƙwallon yana samuwa ba tare da barbara ba. Ma'ana duk abin da ya tsiro kwafin uwarsa ne sak. Wannan alheri ne ta wani gefen, don ba ka da fargabar ka jira shekara goma ka tarar da ɗa mara daɗi. Ta ɗaya gefen kuma yana nufin bambancin da ke tsakanin bishiyoyin mangostin na duniya kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya zo maka da "sabon iri mai jure fari" ko "mai haihuwa a shekara biyu", ka riƙe kuɗinka.

Akwai mai aure, wato an ɗauko reshen babbar bishiya an haɗa a kan ƙaramin mangostin. Gaskiya ne yana riga na ƙwallo haihuwa da ƴan shekaru. Amma yakan tsaya gajere, rassansa na bajewa gefe suna neman tokari, ƴaƴansa kuma ba su kai na ƙwallo yawa ba. Manoman Tailan da yawa har yau na ƙwallon suka fi so. A gwaji irin namu ba laifi ka haɗa biyun.

Hanya biyu ce mai kyau. Ko ka sayi sabbin ƴaƴan itacen ka ci, ka shuka ƙwallon a ranar, ko ka sayi dashe mai rai daga masu renon itatuwa a kudu, ka je da kanka ka gani. Ba kowane sala ne ke da ƙwallo ba, yawanci ɗaya ko biyu ne a ɗa guda, a cikin salar da ta fi ƙiba. Zaɓi manya, waɗanda suka kai giram ɗaya ko fiye, don su ne ke ba da tsiro mai ƙarfi. In dashe za ka saya, ga yadda ake gane shi: ganyen na fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, masu kauri ne da sheƙi, sabon toho yana fitowa da launin ja-ja kafin ya koma kore, in kuma ka ɗan karce ganye ko reshe za ka ga ƙaro mai ruwan ɗorawa. Don ƙarin tabbaci ka tuntuɓi cibiyar NIHORT da ke Ibadan, wadda aikinta ke nan binciken kayan lambu da itatuwan marmari. In daga waje za ka shigo da dashe, sai da izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, in ba haka ba a ƙwace a filin jirgi.

Nawa za ka fara da su? Ni dai shawarata ashirin zuwa talatin. Sun isa su nuna maka gaskiyar wurin, kuma in sun mutu ba za su tafi da jarinka ba.

Mataki na biyar: reno

Wanke ƙwallon, ka cire ɓargon da ya manne masa, ka kwantar da shi a ƙasa mai laushi, zurfin gaɓar yatsa. Cikin mako biyu zuwa uku zai tsiro. Yi amfani da doguwar baƙar leda, wadda ta kai santimita 40 ko fiye, saboda uwar saiwa. Ƙasar ledar a haɗa ta da baƙar ƙasar fadama, da ruɓaɓɓen takin shanu wanda ya huce sarai, da ɓuntun shinkafa da ya kwana biyu. Alhamdu lillahi ɓuntu ba abin nema ba ne a Kebbi, kowane injin casa tsibi gare shi.

Rumfar reno ta tare fiye da rabin rana, gefunanta kuma a rufe da zana a hunturu. A yayyafa ruwa safe da yamma, har da ƙasan rumfar, don iskar ciki ta yi sanyi.

Sai haƙuri. Tsiron zai fitar da ganye biyu, ya tsaya cik kamar ya fasa, sai bayan wata biyu ko fiye ya sake fitar da wasu biyu. Haka ɗabi'arsa take. Shekara biyu zai yi a leda kafin ya kai tsawon da za a dasa, wajen santimita 30 zuwa 60. Kada ganin jinkirin ya sa ka ɗura masa takin zamani, ƙone shi za ka yi.

Mataki na shida: dashe

Lokacinsa shi ne bayan damina ta zauna sosai, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don ya sami wata uku na laima kafin iska ta juya. Ramin a haƙa shi wata guda kafin nan, faɗi da zurfi kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya, a cika da ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a bar shi ya kwanta. Kada a zuba toka da yawa, tana kashe tsamin ƙasa. Tazara mita 8 zuwa 10 kowane gefe, wato bishiya 100 zuwa 156 a hekta in da za a cika ta.

Ranar dashe, da yamma ko ranar da hadari ya rufe, ka shayar da ledar tukuna don ƙasar ta kama jikinta. Ka kwantar da ita a bakin rami, ka yanke gindin ledar da reza, ka sa hannu ɗaya a ƙasa ka tallabe, ka saukar da ita cikin ramin a tsaye, sannan ka tsaga gefen ledar daga ƙasa zuwa sama ka zare ta a hankali. Ƙasar da ke jikin saiwar kada ta farfashe. In uwar saiwa ta karye, dashen zai yi shekara yana jinya, ko ya tafi gaba ɗaya. Wuyan tsiron ya tsaya daidai inda yake a leda. Ka danna ƙasa da tafin hannu, ba da ƙafa ba, ka ba shi ruwa, ka kafa masa ƴar rumfa ta kaba ko zana a ranar, ko da akwai ayaba.

Ka rufe gindin da ciyawar shinkafa ko ganyen ayaba, kauri kamar tafin hannu, amma ka bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da jikin itacen. Gara na son irin wannan shimfiɗa, kuma ita ce babbar abokiyar gabarka a ƙasa. Riƙa ɗaga ciyawar kana dubawa.

Mataki na bakwai: shekarun jira

Inuwar nan za ta zauna shekara uku zuwa huɗu, ana rage ta sannu a hankali, kuma da damina ake ragewa. A yanayinmu ban ga dalilin cire ta gaba ɗaya ba. Bar wasu dogayen itatuwa ta yamma su tare ranar la'asar har abada.

Taki kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a shekara. Takin gargajiya shi ne ginshiƙi. NPK 15-15-15 ɗan barbaɗe ne a kewayen inuwar ganye, a kan ƙasa mai laima, ana ƙarawa yadda bishiyar ke girma. Noma da fartanya a gindinta haramun ne a wurina, da hannu ake cire ciyawa. Yanke rassa ba ta buƙata, sai busasshen reshe. Ƙwari ba su cika damunta ba, in ban da tsutsar da ke cin sabon toho da wasu ƙananan ƙwari masu ɓata fatar ɗan.

Ka sayi littafi. Kowace bishiya da lambarta. Ka rubuta tsawonta sau biyu a shekara, da sau nawa ta yi toho, da halin da ta fita bazara. Ka koyi karanta ganye: in bakinsa ya bushe ya yi ruwan ƙasa yana shigowa ciki, zafi ne da busasshiyar iska, ko gishirin ruwa. In sabon toho ya fito fari-fari jijiyoyinsa kore, ƙasar ta yi kanwa. In ganye ya yi laushi ya sunkuya alhali ƙasa a jiƙe take, ruwa ya yi yawa saiwa na ruɓewa.

Bayan bazara uku ka zauna da littafin. In kashi biyu cikin uku sun rayu suna toho akai-akai, ka ƙara wasu. In rabi sun mutu, sauran kuma suna nan jiya i yau, ka tsaya haka, ka mayar da ramukan ga abin da ƙasar ta yarda da shi. Ruwa na nan, shinge na nan, ayaba na nan.

Mataki na takwas: fure da girbi

In Allah Ya kai ka wannan matsayi, akwai wata dama da mai ban ruwa yake da ita. Mangostin na yin fure ne bayan ya ɗan ji ƙishi na mako biyu zuwa huɗu sannan ya sami ruwa mai yawa. A ƙasashen da ruwa ba ya ɗaukewa, manomi jiran sama yake yi. Kai kuwa famfo na hannunka. Ina ganin lokacin da ya fi dacewa a ɗauke mata ruwa shi ne da kaka, bayan damina ta wuce, don daga fure zuwa nuna wata uku ne zuwa huɗu, ka ga za a yi girbi kafin tsananin bazara. Kada a kuskura a gwada wannan a Maris, kuma ba a yi wa ƙaramar bishiya. Da zarar ƴaƴa sun ɗauru, ruwa ya daidaita, kada yau ambaliya gobe fari. Hawa da saukar ruwa ne ke sa ƙaron nan mai ruwan ɗorawa ya tsiyaya cikin ɓargo ya sa shi ɗaci, ko ɓargon ya koma garai-garai mai tauri.

Haihuwar fari ba ta wuce ƴaƴa 200 zuwa 300 a wuri mai kyau. Cikakkiyar bishiya takan ba da kamar 500, tsofaffi masu shekara 30 zuwa sama kuma har fiye da 1,000. Takan cika wata shekara ta rage wata. Waɗannan alƙaluman na ƙasashen kurmi ne, kai ka sa ran ƙasa da haka.

Ba a kaɗa shi da sanda kamar mangwaro. In ya faɗi ƙasa, ɓawon wurin da ya bugu yana ƙanƙarewa ya yi tauri kamar itace, mai saye kuma da ya matsa ya ji haka zai ajiye. Da hannu ake tsinka, ko da gora mai ƴar jaka a baki, da hularsa ta kore a kai, lokacin da jan launi ya fara bayyana a fatar. Bishiya ɗaya sai an yi ta zagayawa duk bayan kwana biyu ko uku, don ba tare suke nuna ba. A jera a kiret mai shimfiɗa, ba a buhu ba. A sanyin digiri 13 yakan kai mako biyu zuwa huɗu. Firijin gida ya yi masa sanyi da yawa, yana taurara ɓawon.

Mataki na tara: kasuwa da lissafi

Kasuwarsa a Najeriya ƙarama ce: manyan kantuna da otal-otal a Abuja da Legas, da ƴan Asiya mazauna ƙasar. A kasuwar Jega ko ta Yawuri sai ka fara da yanka wa mutane su ɗanɗana. Ga mai bishiya ashirin wannan ba matsala ba ce, ƴan kwanduna ne, kuma sabo daga gona ya fi wanda ya sha jirgi. Maganar fitarwa waje kuwa a ajiye ta. Ko Amurka sai a 2007 ta yarda a shigo mata da ɗanyensa daga Tailan, shi ma da sharaɗin an bi da shi ta na'urar kashe ƙwari. Kuma don Allah kada ka sayar da shi da sunan maganin kansa ko ciwon suga, kamar yadda masu tallar ruwansa a kwalba suke yi. Mutanen Asiya na dafa ɓawonsa don gudawa tun da daɗewa, amma babu tabbacin likita cewa yana warkar da waɗancan manyan cututtuka.

Kuɗin da za ka sa ya zama wanda za ka iya mantawa da shi shekara goma. Bashin noma irin na shinkafa, wanda ake biya bayan girbi, bai dace da wannan ba. Abin da zai ɗauki nauyin fetur da leburori shi ne abin da ke tsakanin layuka: ayaba, gwanda, barkono, albasa da rani a inda rana ke shiga, da mangwaro mai aure da gwaiba da kashu a gefe.

Wanda kuma ribar mangostin ce ta dame shi, ba sha'awar ganin ya tsiro a ƙasar kakanninsa ba, akwai hanyar da ta fi kusa. Ba a noman goro a Kebbi, amma Hausawa sun riƙe cinikinsa shekaru aru-aru, har suka kafa unguwanni a irin su Shagamu. Haka za a iya yi a nan: ka haɗa hannu da mai ƙasa a Kuros Riba ko Ondo, a rubuta yarjejeniya a gaban lauya, kai ka sa jarin iri da reno, shi ya sa fili da kulawa, kai ka riƙe hanyar kasuwa. A can sama ce ke ban ruwa, inuwar koko da ayaba na nan a shirye. Akwai kuma ɗan'uwan mangostin na Afirka, wanda malamai ke kira Garcinia livingstonei, mai ƴaƴa ruwan lemo, da ke fitowa a bakin koguna a ƙasashe masu dogon rani kuma yana jure zafi da fari. Ɓargonsa bai kai na mangostin ba, fatarsa siririya ce ba ta son doguwar tafiya, kuma shi yana da mace da namiji, don haka sai an dasa da dama kafin a sami masu haihuwa. In ka samu irinsa, ka sa biyar ko shida a layin da ya fi shan rana, ka ba su lamba a littafin tare da sauran.